Yadda Kulob ɗin Rediyon Sha'awa a Legas Zai Bi da Maganar Lasisi da Tattaunawar Mambobi

A zaman masu rediyon sha'awa, wato masu magana da juna ta na'urar rediyo don koyo da zumunci, akwai tambayar da ba ta tsufa, kuma yawanci sabon zuwa ne ke yin ta, riƙe da oba-oba da ya sayo a kasuwar Alaba ko Computer Village: "Malam, tunda na biya kuɗin rajistar kulob, yanzu zan iya danna maɓalli in yi magana?" Amsar ita ce a'a, kuma gara a faɗa masa tun ranar farko, a fili, cikin fara'a. Kulob ba ya ba da lasisi. Katin mamba ba lasisi ba ne, rasidin sayen na'ura ma haka. Gwamnati ce ke ba mutum lasisi da sunansa, tare da alamar kira tasa shi kaɗai, wato haruffa da lambobin da ake gane shi da su a iska. Aikin kulob shi ne ya riƙe hannun mutum har ya kai ga wannan takarda, ya kuma ba shi abin yi mai daɗi kafin ta fito, don kada gajiyar jira ta sa ya hau iska ta ɓarauniyar hanya.

Ƙofar da ake ƙwanƙwasa

Rabon firikwensi a Najeriya ya kasu gida uku. Hukumar NCC ke kula da na kamfanonin sadarwa masu kasuwanci, NBC ke kula da gidajen rediyo da talabijin, Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya kuma ke kula da na hukumomin gwamnati da masu amfani da rediyo ba don kasuwanci ba. A samansu akwai majalisar kula da firikwensi ta ƙasa, NFMC, wadda Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa. Rediyon sha'awa ba kasuwanci ba ne, ba kuma watsa shirye-shirye ba ne, don haka takardunku Ma'aikatar suka nufa, a Abuja. Kuskure ne a ɓata watanni ana zarya a ofishin NBC saboda an ji kalmar "rediyo".

Tushen dokar ya fi Najeriya faɗi. Ƙa'idojin rediyo na ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a sashe na 25, sun ɗora wa kowace ƙasa alhakin tabbatar da ƙwarewar duk wanda zai yi aiki da tashar sha'awa. Sun kuma bayyana wannan harka a matsayin koyar da kai, zumunci tsakanin masu lasisi, da binciken fasaha, ba tare da neman kuɗi ba. Wannan ma'anar ya kamata a buga ta a shafin farko na kundin dokokin kulob, domin rabin gardamar da za a yi nan gaba ita ke warware ta. ITU ta ware wa Najeriya alamun kira masu farawa da 5N da 5O, kuma 5N ce aka saba ji a iska. Ƙungiyar da ke wakiltar masu wannan harka a ƙasa ita ce Nigeria Amateur Radio Society, NARS, mamba a ƙungiyar duniya ta IARU da aka kafa a Faris a 1925. Kulob ɗin unguwa, ko a Agege yake ko a Idi-Araba ko Obalende, ya nemi alaƙa da ita tun da wuri maimakon ya yi gaban kansa.

Dattawan da suka yi zamanin waya sukan tsorata matasa da maganar Mos, wato aika saƙo da gajeru da dogayen sautuka maimakon murya. Tun taron ITU na 2003 aka daina wajabta jarrabawar Mos a matakin duniya, aka bar wa kowace ƙasa ta yanke nata hukunci. Koyon sa na da amfani ƙwarai, domin wat 5 a Mos kan isa inda wat 100 na murya ke wahala, amma kada a mai da shi dodo a bakin ƙofa.

Mutum ɗaya, fayil ɗaya

A zaɓi mamba guda mai lasisi, mai haƙuri da takarda, a naɗa shi jami'in lasisi. Aikinsa na farko shi ne ya rubuta wa Ma'aikatar wasiƙa a kan takardar kulob, ya nemi fom na yanzu, jerin abin da ake haɗawa da shi, kuɗin da ake biya, da tsarin tantance ƙwarewa. A karɓi amsar a rubuce. Abin da wani ya ce ya biya shekara biyar baya ba hujja ba ce, kuma ba a gina shawarar kulob a kan "an ce".

Kowane mai nema ya buɗe fayil na roba, ba ambulan ba, saboda damshin Legas yana cin takarda. A ciki a ajiye kwafin shaidar zama ɗan ƙasa, hotuna, cikakken adireshin inda tashar za ta zauna, da bayanin kowace na'ura: sunan kamfani, samfuri, lambar da ke jikinta, ƙarfinta da zangon da take aiki. A ƙara da zanen eriya da tsayinta daga ƙasa. Sunan da ke kan fom ya zo daidai da na katin shaida harafi da harafi. Muhammad da Mohammed, ko Abubakar da Bukar, a wurinmu mutum ɗaya ne, amma a wurin ma'aikacin da ke duba takarda mutum biyu ne, kuma irin wannan ɗan saɓanin kan kwantar da fayil na tsawon lokaci.

Kuɗin gwamnatin tarayya a asusun gwamnati ake biyan su, a samu rasidi. Duk wanda ya ce a turo kuɗi asusunsa zai "fito da lasisi cikin mako", a guje shi, ko da ɗan'uwa ne ya kawo shi. In an kai takarda ofis, a tafi da kwafi biyu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Tunda Abuja ba nan kusa ba ce, ya fi sauƙi a tara takardun mutum biyar ko goma a kai lokaci ɗaya, a riƙa bibiya da wasiƙa mai ɗauke da lambar wasiƙar farko.

In kulob na son tasha tasa da alamar kira tasa, sai ya zama yana da suna a gaban doka. Hanyar ita ce rajistar amintattu a hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020: a fitar da amintattu, a rubuta kundin dokoki, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta. Ko da an samu, dole a ambaci mai lasisi guda da zai amsa tambaya in wani abu ya faru a tashar.

Gardamar da ke cinye lokacin taro

Ta farko ita ce lasisin waje. Yanzu ana iya rubuta jarrabawar Amurka ta intanet, kuma za ka ji matashi ya ce, "Ai ni ina da alamar kira ta Amurka." Madalla, karatun da ya yi ba asara ba ne. Amma lasisin FCC, hukumar sadarwa ta Amurka, yana aiki ne a inda FCC ke da iko, bai ba shi damar kunna na'ura a Mile 12 ba. Haka baƙon da ya zo aiki daga Ingila ko Jamus: sai ya nemi izinin Najeriya. A rubuta wannan a kundin kulob sau ɗaya, a daina maimaita shi kowane wata.

Ta biyu ita ce aron alamar kira. "Yaya, ba ni taka in ɗan gaisa da mutanen Kano." Kayan aro ba ya rufe katara. Alamar kira shaida ce cewa wane ne ke magana, daga wuri kaza, kuma shi zai ɗauki laifin duk abin da aka faɗa. Mai lasisin da ya ba da tasa ya sa takardarsa cikin haɗari, ya kuma ja wa sauran zargi, tunda wake ɗaya ke ɓata gari. Ko mai koyo zai iya riƙe makirfo a tashar kulob a gaban mai lasisi, wannan sharuɗɗan lasisin ne za su faɗa. A karanta su, in ba a ga izini a rubuce ba, a ɗauka babu. Manhajoji irin su EchoLink mai haɗa masu rediyo ta intanet, da lambar shiga tsarin rediyon dijital na DMR, su ma sai an nuna kwafin lasisi ake buɗe wa mutum, don haka ba mafita ba ce ga mara takarda.

Ta uku ita ce ta fi nauyi, domin masu kawo ta mutanen kirki ne. Shugaban 'yan sintirin unguwa zai zo ya ce, "Ranka ya daɗe, ku saita mana oba-oba goma a kan layinku, ɓarayi sun dame mu." Ko ɗan kasuwa ya so ya riƙa jin farashin albasa da tumatir daga masu lodi a Arewa. Buƙatar gaskiya ce, amma ba ta zangon sha'awa ba ce. Aikin gadi, dako, gini da kasuwa suna da nasu lasisin rediyon, na daban. Abin da kulob zai yi shi ne ya nuna musu ofishin da ya dace, ya taimaka da rubuta wasiƙa, ya koya musu kula da batir da eriya. Amma kada ya ɗora su a kan zangon sha'awa don jin kunya. Sashe na 25 ya amince da isar da saƙon wasu tsakanin ƙasashe ne a lokacin gaggawa ko bala'i. Ambaliya ko rushewar gini wani abu ne, cinikin yau da gobe wani abu ne.

Akwai kuma masu cewa wai ba a yin Hausa a iska. Abin da ƙa'idar ta hana shi ne ɓoye ma'anar magana da gangan. Hausa harshe ne a sarari, kamar Yarbanci ko Faransanci, kuma babu laifi mutum biyu masu lasisi su yi hirarsu da ita. Zaurance ko wasu kalmomin sirri da aka ƙulla don kada a gane, su ne ba su halatta ba. Alamar kira dai a faɗe ta da haruffan duniya, 5N a ce "Five November", a farkon magana, a ƙarshenta, da kuma a kai a kai a tsakani. In wanda ba ya jin Hausa ya shigo, ladabi ne a juya zuwa harshen da kowa zai fahimta. Legas gari ne na kowa, iskarta ma haka.

Oba-oba mai arha da abin da take iya ɓatawa

Wannan wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Najeriya tana cikin Yanki na 1 na ITU, tare da sauran Afirka da Turai. A wannan yankin zangon mita 2 daga 144 zuwa 146 MHz yake, na santimita 70 kuma daga 430 zuwa 440. Jadawalin Amurka da matasa ke saukowa da shi daga intanet yana nuna 144 zuwa 148, da 420 zuwa 450. Wanda ya bi shi zai fita gonarsa ya shiga ta wani bai sani ba. Haka a zangon mita 40: namu daga 7.0 zuwa 7.2 MHz ne, daga nan zuwa sama kuma gidajen rediyon gajeren zango ne, wato mita 41 ɗin da iyayenmu ke kamawa. Sauran zangunanmu su ne 3.5 zuwa 3.8, 14.0 zuwa 14.35, 21.0 zuwa 21.45, da 28.0 zuwa 29.7 MHz. A ƙarshe dai abin da aka rubuta a lasisinka shi ne iyakarka, har da ƙarfin wat.

Baofeng UV-5R, wadda ta fi yawa a hannun sababbi, tana fita daga 136 zuwa 174 MHz, sannan daga 400 zuwa sama. Dubi abin da ke cikin wannan faɗin a gari irin Legas. Zangon jiragen sama ya kai har 137 MHz, ga filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja. Tasha ta 16 ta jiragen ruwa, wadda ake kiran neman agaji a kanta, tana 156.800 MHz, ga Apapa da Tin Can cike da jirage. A 406 MHz kuma na'urorin neman ceto ke aika wa tauraron ɗan'adam sigina. Yaro ya ɗauki oba-oban babansa ya danna yana wasa a ɗaya daga cikin waɗannan, ba ƙaramar magana ba ce. Tashoshin da ke zuwa a cikin na'urar daga kamfani ma na gwaji ne, ba a zaɓe su don Najeriya ba.

Maganin ba wuya. Kulob ya mallaki kebul ɗin USB guda da kwamfuta mai manhajar CHIRP, kuma ya zama doka cewa duk oba-oban da ta shigo sai ta bi ta teburin. A fara sauke abin da ke cikinta a adana, a goge tashoshin kamfani, a zuba jerin kulob. Ga mara lasisi, a sa layin Duplex na kowace tasha a "off", ta yadda za ta ji amma ko an danna ba za ta fita ba. Ga mai lasisi, a buɗe na cikin zangon sha'awa kawai: 145.500 don kiran juna kai tsaye, 433.500 a ɗaya zangon. In akwai rifita, wato tashar da ke karɓa a sama ta sake watsawa, a mita 2 ana aikawa ne da 600 kHz ƙasa da inda ake ji, kuma in ba a sa sautin CTCSS, wato ƙaramin sautin da ke buɗe rifitar, daidai ba za ka ji kowa amma ba mai jin ka. Mutane da yawa kan ɗauka na'urarsu ta lalace alhali wannan ne kawai. A kuma saita TOT a daƙiƙa 180, don in maɓalli ya maƙale a aljihu na'urar ta yanke da kanta.

Kafin wani ya yi odar babbar na'ura daga waje, ya fara riƙe lasisinsa, ya kuma tambayi abin da kwastan da hukumomin tsaro ke buƙata kan shigo da kayan sadarwa. Na'urar da aka riƙe a tashar ruwa kuɗin ajiya take ci kullum.

Abin da mai jiran takarda zai yi

Saurare shi ne makaranta ta farko. Da RTL-SDR, ɗan abin kama sigina da ake soka wa kwamfuta, da tsohon dish na santimita 60 zuwa 90, mai koyo zai ji masu rediyon sha'awa daga Brazil har Indiya ta tauraron QO-100, wanda ke kan Es'hail-2 na ƙasar Katar da aka harba a 2018. Yana tsaye a digiri 25.9 gabas. Daga Legas ana kallonsa ta gabas, an ɗan karkata kudu, a tsayin kusan digiri 63. Siginarsa tana saukowa tsakanin 10489.5 da 10490 MHz. LNB na gida, wato kan da ke gaban dish, yana rage 9750 MHz, don haka a kwamfuta 739.5 zuwa 740 MHz za ka nema, a yanayin USB, wato salon muryar da ake zaɓa a manhajar, ba kebul ba. LNB ɗin yana son bolt 12 zuwa 13 ta cikin kebul, kuma a tabbata wutar ba ta shiga RTL-SDR ɗin ba. A nemi LNB mai PLL, wato mai riƙe firikwensi daram, domin tsohon samfuri yana yawo da zafin rana har murya ta riƙa zamewa. In an ga layukan siginar da tauraron ke aikowa kullum a gefe biyu da tsakiyar zangon a allon kwamfuta, an dace da saiti.

Na biyu shi ne ɗinka eriya. Ga mai reshe biyu, a raba 143 da firikwensi a MHz, a samu tsawonta duka a mita. Ta 14.2 MHz mita 10.07 ce, kowane reshe 5.03. Ta 7.1 MHz kuma mita 20.1 ce, kuma ita ce mai kai murya Kano ko Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 700, musamman da hantsi da yamma. A yanka da rarar santimita 15 a kowane gefe, a ɗaga ta inda za ta zauna, a auna da NanoVNA, ƙaramar na'urar gwada eriya mai nuna SWR, wato yawan ƙarfin da eriya ke mayarwa baya. In inda SWR ya fi sauka yana ƙasa da inda ake so, waya ta yi tsawo, a rage daidai wa daida a ɓangarorin biyu. A ta 14.2 MHz, santimita 5 a kowane reshe na matsar da ita kusan 140 kHz, don haka a riƙa naɗe bakin waya maimakon yankewa. Kada a auna ta a ƙasa ko a jikin kwanon rufi, lissafin zai canza da an ɗaga.

Kebul ma abin lura ne. Na'urorinmu om 50 suke so. Mita 20 na RG-58 a 145 MHz yana cinye fiye da rabin ƙarfinka kafin ya kai eriya, RG-213 kuwa ya fi shi riƙewa nesa ba kusa ba. A kasuwa a kankare bakin kebul a duba: in ragar ciki ta yi shara-shara, ko wayar tsakiya ta yi fari bayan an kankare, ba jan ƙarfe ba ne zalla. Iskar teku tana cin mahaɗa cikin damina ɗaya, don haka a naɗe kowace mahaɗa da tef mai narkewa ya haɗe, a bar ɗan lanƙwasa a kebul kafin ya shiga taga don ruwa ya ɗiga a waje. In hadari ya haɗo, a cire kebul daga na'ura gaba ɗaya, kashe ta kawai ba ya hana aradu. Kuma kada a kafa eriya inda in ta faɗi za ta taɓa wayar lantarki.

Karatun jarrabawa a raba shi mako goma sha biyu, awa ɗaya da rabi kowane zama: dokar Om da lissafin wat, batir da kariya daga wuta, yadda sigina ke tafiya, eriya, zanguna da doka, sannan ladabin magana. A yi bayani da Hausa, amma a bar kalmomin fasaha yadda za su zo a takardar jarrabawa, don kada ɗalibi ya san abu ya kasa gane sunansa.

Tafiyar da zama

Taron wata-wata ya fi kyau ranar Lahadi bayan la'asar, lokacin da cunkoson hanya ya ɗan lafa, a tashi kafin magariba. Ajanda ta fita kwana uku kafin nan. Maganar lasisi a ba ta minti goma sha biyar tsayayyu: jami'in lasisi ya faɗi fayil nawa aka kai, wanne ya dawo da gyara, lasisin wa ya kusa ƙarewa. Duk wanda ya ce "doka ta ce", shugaba ya tambaye shi cikin girmamawa, "Alhaji, a wace takarda?" In babu, sakatare ya rubuta tambayar, a aika wa Ma'aikatar ko NARS, a wuce gaba. Wannan ɗabi'ar kaɗai tana kashe gardamar awa biyu. Abin da aka yanke a rubuta shi a littafi mai lambar shafi, da kwanan wata, domin sabon mamba ya karanta maimakon a sake buɗe zancen.

A kula da wani abu da ke kashe kulob a hankali: masu lasisi su zauna gaba suna magana, marasa shi su yi tsit a baya kamar almajiran da ba a ba su allo ba. A ba sababbi dama su fara tambaya kafin manya su yi magana, a kuma ba su aikin gaske, kamar riƙe littafin saurare ko auna eriya. In mamba ya yi kuskure a iska, ba a iska ake gyara masa ba, ba kuma a zauren WhatsApp ba. Mutum biyu su same shi a keɓe. In ya maimaita, a rubuta masa. In ya ci gaba da hawa ba lasisi, a dakatar da shi, a rubuta dalili. Kwafin lasisi da katin shaidar mambobi kuma a hannun jami'in lasisi kaɗai za su zauna, ba a watsa su a zaure.

Zaman iska na mako-mako yana son mai jagora guda. Ya buɗe da alamar kiransa, ya tambaya ko akwai mai saƙon gaggawa, ya karɓi masu shigowa ɗaya bayan ɗaya, na cikin mota da masu oba-oba da farko tunda batirinsu ba ya jira. Kowa ya danna, ya ɗan dakata daƙiƙa ɗaya kafin ya yi magana, in ba haka ba kalmar farko za ta yanke. A bar numfashi biyu tsakanin mai magana da mai amsa don wani ya samu shiga. Ba siyasa, ba wa'azi, ba talla, ba kiɗa. Littafin tasha da lokacin duniya na UTC ake cika shi, kuma agogon Najeriya yana gaba da awa ɗaya: zaman ƙarfe 8:30 na dare, bayan isha'i, 19:30 za a rubuta. In wani daga waje ya tambayi inda kuke a taswirar masu rediyo, Legas tana murabba'in JJ16.

In maƙwabci ya kawo ƙara

A gidan haya mai ɗakuna da yawa, wata rana za a ƙwanƙwasa ƙofa a ce muryarka na fitowa a lasifikar wani, ko talabijin na rawa in ka yi magana. Kada a fara da "ina da lasisi". A duba littafin tasha a ga ko lokacin ya yi daidai da naka, a rage ƙarfi zuwa wat 10 a sake gwadawa tare da shi. Yawanci sigina ce ke dawowa ta bayan kebul, kuma naɗi goma zuwa goma sha biyu na RG-58 a kan zoben tace sigina samfurin FT240-43 a gindin eriya kan magance ta. Ƙananan zobba a wayar lasifikar maƙwabcin su ƙarasa sauran, kuma kulob ya saya ya ba shi kyauta. Ta ɗaya gefen kuma, shuu ɗin da ke toshe maka kunne a mita 40 galibi daga gidanka yake: inbata, na'urar cajin sola, ƙwan LED, cajar waya mai arha. A kunna rediyo da batir, a kashe wutar gidan gaba ɗaya, a riƙa mayar da layi ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin.

Izinin mai gida na kafa eriya a samu shi a rubuce kafin a hau rufi. Kwafin lasisi a liƙa shi a bango kusa da na'ura, wani kuma ya zauna a mota tare da oba-oba, domin a shingen bincike jami'in tsaro takarda zai nema, ba bayani ba. Jami'in lasisi ya riƙe jadawalin ranar ƙarewar lasisin kowa, ya tuna wa mutum wata uku kafin lokaci. Wanda ya tashi daga Agege ya koma Ikorodu, ko ya koma gida Arewa gaba ɗaya, ya rubuta wa Ma'aikatar sabon adireshin tasharsa, ya ba kulob kwafin wasiƙar mai hatimi a saka a fayil ɗinsa.